Kurakuran da aka fi yi wajen zana matatar haske a kan cif ɗin silikon

Ɗalibin injiniya a Marwa ko Ngaundere ko Njamena zai iya zana cif na haske da kwamfutarsa, tunda manhajojin zane irin su KLayout da gdsfactory kyauta ne. Ƙerawa kuwa sai a waje, a masana'antu irin su imec a Beljiyam ko CEA-Leti a Faransa, inda ake haɗa zanen mutane da yawa a kan faifan silikon guda, a jira watanni. Wanda ya samu gurbi ɗaya ba shi da tabbacin na biyu. Don haka dole matatar da ke ware tsayin zangon haske ta yi aiki da cif ɗin da masana'anta za ta turo, wanda ba ya taɓa fitowa daidai da zane.

Babban kuskure shi ne ɗaukar faɗin magudanar haske, wato siririyar hanyar silikon da haske ke bi, a matsayin tsayayyiyar lamba. Magudanar da aka saba da ita tana da faɗin nanomita 450 zuwa 500 da kaurin nanomita 220. A zangon nanomita 1550, in faɗin ya ƙaru da nanomita ɗaya, tsakiyar zangon da matatar zobe (magudanar da aka naɗe kamar zobe) ke warewa kan gusa da kusan nanomita ɗaya. In kauri ne ya ƙaru da ɗaya, gushin ya kan kai ɗaya da rabi zuwa biyu. Tazarar tashoshi a tsarin DWDM (mai cusa tashoshin haske kusa-kusa a hanya ɗaya) mai gigahaz 100 kuwa nanomita 0.8 ce kacal. Ke nan saɓanin nanomita biyar, wanda ba baƙon abu ba ne wajen buga zane da sassaƙa silikon, ya isa ya tsallake da matatar tashoshi da dama. Kafin a ja layi ɗaya, a lissafa yadda n_eff (ma'aunin yadda magudanar ke rage saurin zangon haske) ke canzawa da faɗi da kuma kauri, a ninka da saɓanin da takardun masana'antar suka bayyana. In gushin ya fi faɗin ƙofar matatar, zanen bai tsaya ba tukuna.

Gyaran farko shi ne faɗaɗa magudanar a inda ake tara bambancin tafiyar haske. A faɗin maikromita ɗaya da rabi zuwa biyu, hasken ba ya gogar bango sosai, sai tasirin saɓanin faɗi ya ragu matuƙa. Amma faffaɗar magudana tana ɗaukar salon haske fiye da ɗaya, kuma lanƙwasa ce ke tayar da su. Saboda haka a faɗaɗa a miƙaƙƙen wuri kawai, a tsuke a hankali kafin kowace kwana, kuma adadin kwanoni da wuraren tsukewa ya zama ɗaya a hannaye biyu na Mach-Zehnder (matatar da ke raba haske hanya biyu ta sake haɗa shi) domin su soke juna. Akwai dabarar da ta fi wannan kyau: a ba hannayen faɗi daban-daban, siririn ya zama gajere, faffaɗan ya zama dogo, ta yadda tsawon kowanne in an ninka shi da saurin canjin n_eff ɗinsa zai yi daidai da na ɗayan. In faɗi ya kauce a duka biyun tare, gushin sai ya mutu. Abin da mutane ke mantawa shi ne wannan ba ya maganin kauri. Kaurin daga faifan yake zuwa, kuma magance shi tare da faɗi yana buƙatar ƙarin sashe mai faɗi na uku.

Kuskuren lissafin da ya fi yawa shi ne sa n_eff a gurbin n_g (ma'aunin yadda magudanar ke rage saurin dunƙulen haske) wajen neman tazarar da matata ke maimaita kanta. Tazarar ita ce λ² a raba da (n_g sau L), inda λ shi ne tsayin zango, L kuma kewayen zoben ko bambancin tsawon hannayen. A magudanar 500 da 220, n_eff kusan 2.4 ne, n_g kuwa kusan 4.2. Zobe mai radiyos maikromita 10 yana da kewayen maikromita 62.8, tazararsa ta gaskiya wajen nanomita 9 ce. Wanda ya sa 2.4 zai ga kusan 16, ya jera tashoshinsa a filin da babu shi.

Sai mahaɗa. Magudanai biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ratar nanomita 200 suna raba haske, amma rabon yana canzawa da rata, da faɗi, da tsayin zangon kansa. In rabon ya kauce daga rabi da rabi, Mach-Zehnder ba ta kashe tashar da ba a so gaba ɗaya, haske ya yi ta yoyo zuwa maƙwabciya. Inda rabi da rabi ake nema, MMI (faffaɗan sashen magudana da ke raba haske) ko mahaɗa mai canza faɗi sannu a hankali sun fi juriya, ko da sun ci fili ko ɗan haske. Inda ba makawa sai mai rata, kada a matse ratar zuwa iyakar da masana'anta ta yarda. A buɗe ta kaɗan a ƙara tsawo.

Zobe guda yana da tsinin baki, gushi kaɗan ya jefa sigina a gangare. Ƙofa mai shimfiɗaɗɗen sama, daga zobba biyu ko uku a jere ko Mach-Zehnder masu hawa-hawa, tana haɗiye gushin. A nan ma a tambayi kai ko DWDM ake bukata da gaske. Tsarin CWDM, mai tashoshi nesa-nesa, yana da tazarar nanomita 20, kamar tashoshin 1271, 1291, 1311 da 1331, kuma an yi shi ne domin na'urorin da ba a sanyaya su. Sai dai zobban da ke aiki tare dole su yi kama da juna, wanda ke nufin a ajiye su kusa-kusa, su fuskanci gefe ɗaya, cunkoson zanen da ke kewaye da su ya zama iri ɗaya, domin sassaƙa ba ta ci daidai a fili da cikin cunkoso.

Zafi ya shafe mu fiye da masu zane a Turai. Matatar silikon tana gusawa wajen nanomita 0.08 a kowane digiri. Daga ɗakin gwaji mai digiri 20 zuwa akwatin na'ura mai digiri 45, wanda ba abin mamaki ba ne a Garwa ko Kusuri a watan Afrilu, gushin ya kai nanomita biyu. Hita ba ta iya janyo wannan baya, domin ɗumama silikon gefen dogon zango kawai yake turawa. Saboda haka a zana matatar ta faɗi a gajeren gefe ko da a mafi zafin yanayi, hitar ta cike gibin. Hitar ƙarfe ta yau da kullum tana cin wajen miliwat 20 don juya haske rabin zagaye, wato gusar da matata rabin tazarar da take maimaita kanta, kuma zafinta yana malala zuwa zoben da ke kusa. Wanda ya jingina komai ga hita ya sayi cin wuta da rikicin saiti. In zafi ne babbar damuwa, silikon naitirayid ya fi dacewa: canjin ma'aunin karkatar haskensa da zafi bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na silikon ba, sai dai kwanoninsa sun fi cin fili.

A gwajin Monte Karlo, inda kwamfuta ke maimaita lissafi da saɓani iri-iri na kan mai uwa da wabi, kada a ba kowane sashe saɓaninsa shi kaɗai kamar ba su san juna ba. Sassan da ke kusa suna kaucewa tare, na nesa kowa da nasa, kuma gwajin da ya yi watsi da wannan yana ba da amsar banza. A kan cif ɗin kuma a bar wurin sassan awo: miƙaƙƙiyar magudana daga mashiga zuwa mafita don cire tasirin mashigar hasken daga sakamako, Mach-Zehnder mai sanannen bambancin tsawo don auna n_g, da kwafin matatar guda uku ko biyar masu faɗin da ya bambanta da nanomita 10. Da su ne za a gane ko faɗi ne ya kauce ko kauri, a san abin da za a gyara a zagaye na gaba.