Wane layi ya fi arha? Miƙo wayarka mu duba

Shekarata ta tara ke nan a 'yar rumfata da ke kusa da Tashar Dukku a cikin garin Gombe, ina sayar da kati da data, ina kuma karɓar cajin waya. Tun watan Janairun 2025, da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100, da wuya rana ta fito ta faɗi wani bai dafa teburina ya ce, "Malam, don Allah wane layi ne ya fi arha yanzu?" ba. Tes ɗin da muka saba turawa a naira 4 ya koma naira 6, kira ya hau, data kuwa ba a magana. Tambayar tana taɓa ni, don na san da yawa cikin kuɗin cefane suke tsakurar na kati. Amma ba na kama sunan kamfani. Cewa nake yi mutum ya miƙo wayarsa mu duba tare, domin layin da ya yi wa maƙwabcinka arha yana iya zame maka tsada.

Kafin a kai ga maganar kuɗi, tambayata ta farko ita ce: a ina kake kwana, a ina kake wuni? Na koyi wannan ne a kan mahaifiyata, wadda ke zaune a wani ƙauye gaba da Dukku. Na taɓa saya mata wani layi saboda garaɓasar da ake zubawa a kansa, na loda mata kati, na dawo Gombe hankalina kwance. Kwana uku ina kira ba ya shiga. Ashe sai ta fita bayan gari wajen rijiya sabis yake kamawa. Da na je ta ce min, "Ɗan nan, wayar taka sai na sa mayafi nake jin muryarka." Ranar na canza mata zuwa layin da maƙwabtanta ke riƙe da shi, duk da minti ɗaya a kansa ya ɗan fi tsada.

Saboda haka ka fara tambayar mutanen unguwarku wanne ne yake kamawa. Kada ka tsaya a abin da suka faɗa, ka ari wayar wani ka gwada a cikin ɗakinka, ba a ƙofar gida ba, kuma bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya hau intanet hanya ta cushe. Layin da ke gudu da hantsi a Jekadafari yana iya yin tafiyar hawainiya da dare a Tumfure ko Pantami. In direba ne kai mai bin hanyar Bajoga da Ashaka, ko ta Kumo zuwa Billiri da Kaltungo, ka lura da wuraren da kira ke yankewa. Irinku ne suka fi cancantar riƙe layi biyu.

Bayan wannan sai awo. Yawancin mutane ba su san abin da suke ci a wata ba, abin da suka sani kawai shi ne "kuɗina na ƙarewa". Ka samu takarda, ka yi mako guda kana rubuta duk katin da ka sa da duk datar da ka saya. Tun 2023 hukumar ta haɗe lambobin da ake dannawa, sun zama iri ɗaya ko MTN kake riƙe da shi, ko Airtel, ko Glo, ko 9mobile da ya koma T2. Da *310# ake duba ragowar kati, da *323# ake duba ragowar data, *312# kuma yana buɗe maka jerin datar da ake sayarwa. Ka duba da safe, ka duba kafin ka kwanta, ka rubuta bambancin. In babbar waya ce, cikin saitinta akwai wurin da take lissafa yawan datar da ta sha a wata, har da manhajar da ta fi sha. Sau da yawa a nan mutum yake yin shiru, don abin da yake zargi daban, abin da waya ta nuna daban.

Akwai wani dattijo, dillalin hatsi a Tudun Hatsi, da ke aiko yaronsa sayen kati kusan kullum. Ƙaramar waya mai tocila yake riƙewa, ba ruwansa da intanet, aikinsa kiran manoma da direbobi da masu saro masara da wake. Wata rana ya zo da kansa ransa a ɓace, ya ce ana ba shi garaɓasa mai yawa amma kafin la'asar babu komai. Na duba, sai na tarar yana kan tsarin da ake ninka maka abin da ka loda. Na ce, "Baba, in mutum ya ce zai yi maka gyara mai yawa amma ya auna maka da ƙaramin mudu, ya taimake ka?" Ya yi dariya ya ce ai wannan tsohuwar dabara ce a kasuwa. To haka abin yake. A irin waɗannan tsare-tsare, kuɗin da ake cira a kowane sakan daga asusun garaɓasa ya fi na tsarin da ba shi da garaɓasa nesa ba kusa ba, kuma garaɓasar tana da ranar mutuwa.

Ga lissafin da na koya masa, kowa ma zai iya. Kamfanoni suna faɗin farashin kira da kwabo a kowane sakan. Ka ninka da 60, ka samu kuɗin minti ɗaya. In an ce kwabo 23 ne, minti ɗaya ya kama naira 13 da kwabo 80. In kana yin minti 30 a rana, naira 414 ke nan. Yanzu ka yi wa kowane tsari wannan lissafin, ka haɗa da 'yan sharuɗɗan da ake rubutawa a ƙasa: wani yana cire kuɗin shiga sau ɗaya a rana, wani sai ka ƙone mintin farko da tsada sannan farashi ya sauko, wani kuma sauƙinsa ya tsaya a kiran 'yan layi ɗaya. Mai dogon kira kamar Baba, tsari mai ƙaramin farashi a sakan ya fi masa, ko ƙunshin mintuna na wata. Mai kiran "ina kake, ga ni nan" sau biyu a rana kuwa, kuɗin shiga na kullum asara ne a gare shi. In za ka sauya tsari, ka karanta saƙon da ya fito kafin ka amince, domin akan cire kuɗi in ka maimaita sauyi cikin wata ɗaya.

Ɓangaren data ne ya fi cin mutane, kuma a nan na fi daɗewa da mai saye. Wata baiwar Allah daga Bolari, mai sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, kullum sai ta turo a sa mata ta naira 500 ta kwana ɗaya. A gare ni ciniki ne, amma raina bai so ba. Na ce, "Hajiya, kin san naira 15,000 kike kashewa a wata?" Ta ce ba ta taɓa haɗawa ba. Muka duba wayarta, abin da take sha a wata bai wuce giga 12 ba, ragowar ta kowace rana mutuwa take yi. Ƙunshin wata guda mai wannan girman a lokacin bai kai rabin abin da take kashewa ba.

Ma'aunin da nake amfani da shi guda ne: raba kuɗin da yawan gigar da za ka iya cinyewa kafin wa'adi ya cika. Ka lura, wadda za ka cinye na ce, ba wadda aka rubuta ba. Data ba masara ba ce da za ka zuba a rumbu ta jira ka, ta fi kama da tumatirin Kwadon, in ka sayi kwando alhali kwano kake buƙata, sauran ruɓewa zai yi. Ƙunshin kwana ɗaya yakan zo da giga mai yawa a farashi mai jan ido, kuma yana da ranarsa, kamar ranar da za ka sauke manyan abubuwa ko ka yi doguwar hira ta bidiyo da ɗan'uwa a Saudiyya. Amma a mai da shi abincin kullum, nan ne asarar take.

Na san ba kowa ke iya fitar da kuɗin wata a dunƙule ba. Ɗan acaɓa da mai tura baro da safe suke nema su ci da dare. Irinsu nakan ce su fara da na mako, ko kuma su riƙa jefa kuɗin datar kullum a asusu na kwana goma, su haƙura da ƙaramin ƙunshi a tsakani, in ya taru su sayi na wata. Daga nan sun fita daga ramin. Kuma duk wanda ya sayi na wata ya riƙe ranar ƙarewarsa, domin a yawancin ƙunshin wata, in ka sabunta kafin wa'adi ya wuce, ragowar tana bin ka zuwa sabon watan.

Wanda duk harkarsa WhatsApp da Facebook ce, akwai ƙunshin da aka ware wa kafofin sada zumunta kaɗai, ya fi sauƙi, sai dai ba zai buɗe maka sauran shafuka ba. Ɗalibai kuma, irin 'yan Jami'ar Jihar Gombe da na Kashere da ke zuwa wurina, ina nuna musu datar dare, wadda ke aiki daga wajen tsakar dare zuwa asuba. Su tara littattafai da darussan bidiyo su sauke a lokacin, da rana su kalla ba tare da intanet ba.

Sai dai ko wane ƙunshi ka saya, in tulunka na yoyo ba za ka ga amfaninsa ba. Bidiyo ne babban mai sha. Ka shiga saitin WhatsApp ka hana shi sauke hotuna da bidiyo da kansa, musamman in kana cikin zaurukan dangi da na unguwa da ake turo wa'azi da bikin aure dare da rana. Ka hana Facebook kunna bidiyo kafin ka taɓa shi. A YouTube ka rage kaifin hoto, a ƙaramin gilashin waya bambancin ba ya da yawa. Ka hana waya sabunta manhajoji sai an samu Wi-Fi. In yara suna jona wayoyinsu da taka, ka canza lambar sirri lokaci zuwa lokaci. Sannan ka sa wa wayar iyaka ta riƙa yi maka gargaɗi in ka kusa ƙure abin da ka tsara.

Akwai kuma masu tsotsar kati a ɓoye: waƙar da mai kiranka ke ji, saƙonnin wasanni, labaran ƙwallo, abubuwan da wataƙila yaro ne ya danna ba da sani ba. Danna *305# ka ga abin da aka yi maka rajista, ka soke. In saƙonnin talla sun dame ka, tura STOP zuwa 2442. In data ta ƙare alhali kana da kati a waya, ka kashe datar nan take, domin a wasu layukan sai a koma cin katin da farashi mai zafi. Bashin kati na *303# kuma a bar shi sai ta ɓaci. Yawanci kashi 15 cikin 100 ake ɗorawa, ka ari naira 100 ka ga 85. Wanda ya mai da shi ɗabi'a, duk wata yana biyan kuɗin abin da bai ci ba.

Game da mu masu sayar da data a rumfa ko ta waya, wani lokaci tamu takan ɗan fi sauƙi, amma kada ka tashi daga gaban mai sayarwa sai ka danna *323# ka ga ta shiga, ka ga kuma ranar ƙarewarta. Mai gaskiya ba zai ji haushin haka ba.

In duk ka yi wannan ka tabbata layinka ne bai dace da kai ba, ba dole sai ka rabu da lambar da abokan cinikinka suka sani ba. Tun 2013 aka ba da damar ƙaura da lamba daga wani kamfani zuwa wani, kuma kyauta ne. Za ka je ofishin kamfanin da kake son komawa da lambarka ta NIN, a cike takarda, ka tura PORT zuwa 3232. Ka cinye katinka da datarka tukuna, don ba za su bi ka ba. In kuma layi biyu ka zaɓa, ɗaya na kira ɗaya na data, kada ka jefar da ɗayan a aljihun tebur na watanni, musamman in shi ne ke haɗe da asusunka na banki, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba akan ƙwace shi a sayar wa wani. Idan an cire maka kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, kira 300 ka yi ƙorafi, ka rubuta lambar ƙorafin da za su ba ka. In ba a share maka hawaye ba, 622 layin NCC ne, kuma kiransa kyauta ne.

Hajiyar Bolari yanzu sau ɗaya take turowa a wata. Duk bayan wata uku kuma takan aiko ɗanta da wayar mu sake buɗe *312#, saboda kamfanoni suna sauya ƙunshi da farashi ba tare da wani dogon shela ba. A zuwansa na baya mun tarar cinta ya haura giga 15, don ta fara ɗora bidiyon kayanta maimakon hotuna, sai muka matsa zuwa ƙunshin da ke sama da nata.