Daga Hancin Majiyyaci Zuwa Firiza: Yadda Ake Ɗaukar Samfurin Binciken Mura a Zariya

Ɗalibin da ya zaɓi binciken ƙwayoyin bairos masu kama hanyar numfashi a Jami'ar Ahmadu Bello, hankalinsa kan tafi ne kan na'urar PCR, mai gano ƙwayar halittar bairos a cikin samfur: ina za a same ta, nawa ne kuɗin sinadaranta. Alhali aiki ya fi lalacewa tun kafin a kai ga na'urar, a tsakanin hancin majiyyaci da firiza. Bairos ɗin infuluwenza, da RSV mai kwantar da jarirai, da korona, duk ƙwayar halittar da ake kira RNA ce a cikinsu, kuma wata siririyar fata ta maiƙo ce ta lulluɓe su. Zafi yana lalata fatar, RNA ɗin kuma ya rududduge. A garin da zafin Maris da Afrilu ke kusantar digiri 40, kwalbar da aka manta a kan tebur daga hantsi zuwa azahar ba abin dogaro ba ce.

Kafin ka taɓa kowa, sai da izinin kwamitin kula da ƙa'idar bincike. Idan a asibitin koyarwa na Shika za ka yi aiki, nasu kwamitin za ka nema. Asibitocin jiha kuma ta Ma'aikatar Lafiya a Kaduna ake bi. Takardar amincewa ta kasance da Hausa, a karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban shaida.

Sai zaɓen majiyyaci. Kada ka ƙirƙiro taka ƙa'idar, bi ta Hukumar Lafiya ta Duniya domin a iya jera sakamakonka da na wasu ƙasashe: zazzaɓin da aka auna ya kai digiri 38 ko ya wuce, da tari, kuma ciwon bai haura kwana 10 da farawa ba. Idan sai da aka ba shi gado, ya shiga rukunin masu tsanani, kuma a nan ko labarin zazzaɓin ma ya wadatar. Tambayi ranar da ciwon ya fara, ka rubuta. Bairos ya fi yawa a hanci a kwana 3 zuwa 4 na farko, daga nan sai ya riƙa ja da baya. Mutanenmu kuwa sai sun gama da kemis da maganin gida suke isowa asibiti, shi ya sa "ba a samu komai ba" a rana ta tara ba ya nufin bairos bai taɓa zama a wurin ba. Haka nan kada ka taƙaita aikin a hunturu don kawai lokacin ne kowa ke tari. Ƙura ma tana sa tari. Wanda ke son ya ce wani abu a kan lokacin yaɗuwar mura, sai ya ɗauki samfur na wata 12 cur, da damina a ciki.

Tsinken ɗaukar samfur ya zama mai kan nailan ko foliyesta, jikinsa na roba. Mai kan auduga da jikin itace, wanda ya fi arha kuma ya fi samuwa a kasuwa, bai dace ba, domin yana ɗauke da abubuwan da ke daƙile PCR. Kwalbar kuma ta zama da ruwan adana bairos, wato VTM, mililita 1 zuwa 3. Ɗaga ta ka duba a haske. Idan ruwan ya yi gurɓi, ko mai launin ja-ja ya koma rawaya, jefar da ita. Rubuta lambar majiyyaci da kwanan wata a jikin kwalbar tun kafin ka buɗe ta, da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, kuma a jiki, ba a murfi ba. Sa takunkumin N95, da safar hannu, da gilashin kare ido, da rigar aiki, ka tsaya a gefen majiyyaci, ba gaba da gaba ba, don atishawa za ta zo.

Kuskuren da sabon hannu ya fi yi shi ne tura tsinken sama, wajen ido, saboda yadda ƙofar hanci take kallo. Hanyar ba can take ba. A kwance take, ta miƙe baya saitin kunne, a saman ganda. Majiyyaci ya ɗan ɗaga kai, ka riƙe tsinken kamar alƙalami, ka bi ƙasan hancin a hankali. Zurfin ya kai kusan tazarar da ke tsakanin ƙofar hancinsa da ƙofar kunnensa, don haka na yaro ya fi na babba gajarta. Da ka ji ya taɓa bango, bar shi daƙiƙa kaɗan ya sha, ka murza, ka zaro kana murzawa. Idan ya tokare tun da wuri, kada ka matsa, koma ɗaya ƙofar. Sa tsinken a kwalba, karya jikinsa a inda aka yi masa tsaga, rufe gam. Idan tsarin bincikenka ya haɗa da maƙogwaro, shafi bangonsa na can baya da gefe biyu, ban da harshe da haƙora, ka haɗa tsinken biyu a kwalba ɗaya.

A hunturu cikin hanci yakan bushe ya tsage, haɓo ba ya wuya. Tambaya tukuna ko ana yawan yin sa, ko an taɓa bugewa a hanci kwanan nan. Jini a samfur yana iya dagula gwajin, kuma uwa ɗaya da ta ga jini a hancin ɗanta ta isa ta watsa layin gaba ɗaya. Gaya mata gaskiya tun farko: "Maman yaro, zai yi kuka, idonsa zai kawo ruwa, amma ba allura ba ce, yanzu za a gama." Ta ɗora shi a cinya, bayansa a ƙirjinta, hannu ɗaya ta rungume hannayensa, ɗaya ta dafe goshinsa.

Daga nan kwalbar ta faɗa kula nan take. Sanyin da ake so digiri 2 zuwa 8 ne, kuma a haka samfur bai kamata ya wuce awa 72 ba. Fakitin ƙanƙarar da aka ciro daga firiza a bar shi ya fara gumi, har ka ji ruwa na motsi idan ka girgiza, sannan a jera shi, da kwali tsakaninsa da kwalaben don kada su daskare. Jefa ma'aunin sanyi a ciki. Mai ɗauko samfur daga Banzazzau ko Ƙofar Gayan zuwa Samaru ya lissafa da cunkoson Kwangila, kada kuma ya sa kular a but ɗin mota.

Abin da ba za a gwada cikin kwana uku ba, a raba shi tun ranar farko cikin ƙananan kwalabe, kamar maikurolita 500, wato rabin mililita, a kowace, a kai firizar da ke digiri 70 ƙasa da sifili ko wadda ta fi haka sanyi. Dalilin rabawar shi ne duk daskarewa da narkewa tana cin wani kaso na bairos, RSV kuwa ya fi kowa rashin juriya. Firizar gida mai digiri 20 ƙasa da sifili ba wurin ajiyar bairos ba ce, balle wadda ke narkar da ƙanƙararta da kanta. Kuma tun kafin ka zuba aikin shekara guda a firizar wani sashe, bincika wa ke tayar da janareta da daddare da ranar Lahadi. Manna takarda a ƙofarta, a riƙa rubuta sanyin safe da yamma. Inda wuta ba ta da tabbas, tulun naitirojin mai ruwa, da ke digiri 196 ƙasa da sifili, ya fi kwanciyar hankali muddin ana cika shi a kan kari.

A ɗakin gwaji, kit ɗin ciro RNA irin QIAamp maikurolita 140 na samfur yake ci, a ƙarshe ya ba ka 60 na ruwan RNA. Kowane zubi ka haɗa da kwalbar ruwa zalla. Idan ita ma ta nuna bairos, gurɓata ta shiga, zubin duka ya tashi. Inda ake haɗa sinadarai daban, inda ake zuba RNA daban, kowanne da kayansa. Gwada RNase P a kowane samfur, don shi ke shaida cewa tsinken ya kwaso ƙwayoyin jikin mutum. Idan bai fito ba kuma bairos bai fito ba, rubuta "samfur bai inganta ba". Wanda ya lissafa irin waɗannan cikin marasa cuta ya rage adadin masu ita da hannunsa, kuma masu tantance maƙala za su tambaya.

Kada ka manta da tambayar kaji a fom ɗinka. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji, kan hanyar Zariya zuwa Kaduna. Majiyyacin da ya ce kajinsa na mutuwa, samfurinsa ba na rainon bairos a ɗakin gwajin sashe ba ne. A sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, a naɗe samfurin rufi uku, kwalba cikin mazubin da ba ya yoyo da abin tsotse ruwa, shi kuma cikin akwati mai ƙarfi, a tura babban ɗakin gwajin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, da ke Gaduwa a Abuja. Na kajin kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ake kai shi.

Samfuran da lambar Ct ɗinsu, wato yawan zagayen da PCR ta yi kafin ta gano bairos, ta gaza 30, ware musu kwalba guda da ba a taɓa narkarwa ba, domin su ne suka fi ba da cikakken jerin ƙwayar halitta. Idan an karanta jerin, ɗora shi a GISAID, rumbun intanet da ake tara jerin bairos daga ƙasashen duniya, tare da ranar ɗauka, da garin, da shekarun majiyyaci, ban da sunansa. Daga irin waɗannan bayanai ake zaɓen nau'in da za a sa a rigakafin mura sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, kuma jerin da ba shi da kwanan wata ba ya shiga wannan lissafin.