Kurakuran masu son shiga ayarin agajin lafiya a lokacin bala'i

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya zauna sai ƙasa ta girgiza ko ruwa ya ci gari, sannan ya fara cigiyar inda zai ba da sunansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyoyi irin su Red Cross da MSF (ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa) suna tura waɗanda suka riga suka tantance ne, kuma ita MSF takan nemi gogewar aiki ta aƙalla shekara 2. Ka yi rajista tun ana zaman lafiya, ka sabunta lasisinka, ka yi rigakafin sarƙehaƙora da na ciwon hanta nau'in B.

Wanda ya fi wannan muni shi ne ɗaukar jaka a tafi babu ayari. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairun 2010, masu agaji sun yi ta kwarara ba tare da sanar da hukuma ba. Wasu sun yanke wa mutane ƙafa ko hannu suka kama gabansu, ba takarda, ba mai wanke ciwo. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba ayarin agaji gida 3 a 2013: na farko yana duba marasa lafiya su koma, na biyu yana da gadon kwanciya aƙalla 20 da ɗakin tiyata, na uku har da sashen kulawa ta musamman. Kowanne kuma da ruwansa da abincinsa da wutarsa zai zo. Wanda ya iso hannu rabbana ya ƙara wa masu gari baki ɗaya da za su ciyar.

A wurin atisaye kuwa, ɗabi'ar asibiti ce ke kayar da ƙwararru. Sun saba tsayawa kan mutum ɗaya har su gama, alhali a tsarin tantancewa na START, wanda ke sa wa masu rauni launi gwargwadon gaggawar ciwonsu, kowa ƙasa da minti 1 yake samu. Mai iya tafiya kore ne, wato zai iya jira, wanda numfashinsa ya haura 30 a minti ja ne, wato na gaggawa. Mai ihu dai yana numfashi. Wanda ya yi tsit a gefe shi ne abin tsoro. Karatu ba ya gyara wannan, sai maimaita atisaye har hannu ya saba.

Da yawa kuma tiyata suke hange, ni ma ban ga laifinsu ba, ita ake nunawa a talabijin. Amma in kwanakin farko suka wuce, aikin ya koma gudawa da haihuwa da masu ciwon suga da hawan jini waɗanda maganinsu ya salwanta. Don haka ka koyi harkar ruwa da tsafta: ma'aunin Sphere, wato ƙa'idojin aikin agaji na duniya, lita 15 ne na ruwa ga mutum a rana, bayan gida 1 ga mutum 20.

In za ku tafi da magani, kada a ɗauki wanda saura ƙasa da shekara 1 ya lalace, da wanda ma'aikatan can ba za su iya karanta rubutun kwalinsa ba.