Yadda ɗaliba mai karatun kimiyya ko injiniya za ta samu jagora ta intanet

A ajin injiniya na yawancin jami'o'inmu, idan aka ƙirga mata, yatsun hannu sun isa. Ɗalibar da ta samu kanta a irin wannan aji tana da tambayoyin da ba ta da wanda za ta kai wa: wane fanni zan bi bayan digiri, ina zan yi aikin koyon sana'a na SIWES, yaya ake haɗa aure da digiri na biyu, wa zai duba mini takardar neman tallafin karatu? Ɗan da ya tashi a gidan injiniyoyi yana jin amsar waɗannan a bakin tabarma. Sauran kuwa sai sun nema, kuma yanzu waya ta sauƙaƙa neman.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Tun 1997 wata mata mai suna Carol Muller ta kafa shirin MentorNet a Amurka, inda ake haɗa ɗalibai mata masu karatun kimiyya da injiniya da ƙwararrun da ke aiki a kamfanoni, su riƙa magana ta imel. Daga baya aka buɗe shi ga ɗaliban al'ummomin da ba su da yawa a waɗannan fannoni. A matakan da ke ƙasa, da ke ɗaliba nake magana, amma sun shafi ɗalibi mai lalurar nakasa, da wanda ya fito daga ƙauye, da wanda shi ne farkon shiga jami'a a gidansu.

Mataki na farko: ki san abin da kike nema

Jagora ba uwar ɗaki ba ce. Uwar ɗaki ita ce mai ɗinka miki zani da salla, mai tsaya miki ranar biki. Jagora kuwa wadda ta riga ki bin hanya ce, tana nuna miki inda rami yake. Duk ɗalibar da ta shiga da niyyar a biya mata kuɗin makaranta ko a samo mata aiki, zumuncin ba ya kai wata biyu.

Ki ɗauki takarda ki rubuta buƙata ɗaya tak da kike son cimma cikin wata shida. Misali: zaɓen batun aikin kammala digiri, koyon Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, har ki iya sarrafa bayanan gwajinki, ko shirya takardun neman gurbin digiri na biyu. "Ina son in ci gaba" ba buƙata ba ce, fata ne.

Mataki na biyu: ki nemi inda suke

Akwai shirye-shiryen da aka tsara domin wannan. Ƙungiyar mata injiniyoyi ta Najeriya, APWEN, wadda aka kafa a 1982, tana da rassa a jihohi kuma tana hulɗa da ɗalibai. She Code Africa, da Ada Nduka Oyom ta kafa a 2016, tana haɗa mata masu koyon rubuta manhaja da waɗanda suka ƙware. A nan Arewa akwai Arewa Data Science Academy mai horar da matasa ta intanet a fannin sarrafa bayanai da ƙirƙirarriyar basira. Mai shirin digiri na uku ya kamata ta san OWSD, ƙungiyar mata masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa da ke da mazauni a Trieste ta Italiya, wadda ke ba da tallafin karatun. Mai fannin noma kuma ta duba AWARD, ƙungiyar mata masu binciken noma ta Afirka da ke Nairobi, wadda tun 2008 ta gina shirinta a kan haɗa matasan masu bincike da manyansu.

Ki riƙa leƙa shafukansu, domin ana buɗe ƙofar neman shiga na ɗan lokaci ne a rufe. Kwanakin da ke kusa da 11 ga Fabrairu, ranar mata da 'yan mata a kimiyya ta duniya, lokaci ne da taruka da sanarwa ke yawaita.

A ganina, hanyar da ta fi haifar da ɗa mai ido ita ce tsofaffin ɗaliban sashenku. Ki shiga LinkedIn, dandalin sada zumunta na ma'aikata da ƙwararru, ki rubuta sunan jami'arku da fanninki, za ki ga waɗanda suka zauna a kujerar da kike kai yanzu. Kada ki raina wadda ta girme ki da shekara uku ko huɗu kawai. Ita ce ta tuna yadda fom ɗin yake, ita ce kuma take da lokacin amsa miki. Manyan farfesoshi abin koyi ne, kamar Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta sashen fiziks a Jami'ar Bayero, wadda ta shiga jami'a bayan ta yi aure ta haihu, kuma ta karɓi lambar yabo ta gidauniyar Elsevier a 2015. Sai dai masu neman irinsu suna da yawa, lokacinsu kuma kaɗan ne.

Mataki na uku: saƙon farko

A nan ne akasari ake faɗuwa. Mun saba da doguwar gaisuwa, kuma ɗabi'a ce mai kyau, amma idan kika aika "Salam" kaɗai kika zauna jiran a amsa kafin ki faɗi abin da ya kawo ki, da wuya a amsa. Ki haɗa gaisuwa da buƙata a saƙo ɗaya, ki kira ta da muƙaminta, Injiniya ko Dakta ko Farfesa. Ga misali, ko da Turanci za ki rubuta, tsarin ɗaya ne:

"Assalamu alaikum Injiniya, da fatan kina lafiya. Ni ɗaliba ce a aji huɗu a sashen injiniyan lantarki. Na karanta bayanin da kika yi a kan ƙananan tashoshin hasken rana na ƙauyuka, kuma a kansu nake son in yi aikin kammala karatuna. Ina da batutuwa biyu, na rasa wanda zan ɗauka. Ko za ki iya ba ni minti ashirin a mako mai zuwa, a duk lokacin da ya yi miki? Na gode."

Ki lura ba a ce "ki zama jagorata" ba. Wannan nauyi ne babba da za a ɗora wa wadda ba ta san ki ba. Ki nemi ƙaramin abu, idan an dace sauran zai biyo baya. In kwana goma suka wuce shiru, ki tuna mata sau ɗaya cikin ladabi. In an sake shiru, ki nemi wata, kada ki ɗauka raini ne. Ki rubuta wa mutum huɗu ko biyar, kowacce da saƙonta daban.

Mataki na huɗu: ku tsara yadda za ku riƙa magana

A zaman farko ku yanke sau nawa za ku haɗu da kuma ta wace hanya. Sau ɗaya a wata, minti talatin, ya wadatar. Ki gaya mata gaskiyar halin da kike ciki game da wuta da data, kada kunya ta sa ki amsa kiran bidiyo na awa guda alhali kuɗin bai kai ba. Kiran murya ta WhatsApp ko Google Meet da kyamara a kashe ba ya cin data sosai. Idan tana ƙasar waje ki lissafa bambancin lokaci: muna gaban New York da awa biyar ko shida gwargwadon watan da ake ciki, Malesiya kuma tana gabanmu da awa bakwai.

Mataki na biyar: ke ce mai tuƙi

Kwana biyu kafin zama, ki aika mata tambayoyi uku da duk takardar da kike son ta duba. Lokacin magana ki riƙe biro. Bayan an gama, ki aika layi biyu na godiya tare da abin da kika ɗauki alkawarin yi. Sannan ki yi shi. Babu abin da ke ƙara wa jagora ƙarfin gwiwa kamar ta ji an ce: "Na karanta takardar da kika turo, na gwada, ga inda na maƙale." Babu kuma abin da ke kashe mata jiki kamar a dawo mata da tambayar da ta amsa watan jiya.

Ba dole ne ki bi kowace shawara ba. Wadda ke zaune a Ingila wataƙila ba ta san cewa ba za a bar ki ki tafi Fatakwal ke kaɗai yin SIWES ba. Ki bayyana mata, ku nemi mafita a Kano ko Kaduna.

Mataki na shida: ki tsare kanki

Mata ƙwararru ba su da yawa a wasu fannoni, don haka mai yiwuwa jagoranki namiji ne, kuma akwai nagari da yawa. Ki sanar da iyayenki ko mijinki tun farko, ki nuna musu shafin mutumin da wurin aikinsa. Magana ta tsaya a kan karatu, a lokutan da suka dace, kuma imel ya fi, domin yana barin shaida. Wanda ya fara kiran dare, ko neman hotonki, ko gayyatarki otal, ki yanke hulɗa nan take, ki ajiye saƙonnin, ki kai rahoto ga masu shirin idan ta hannunsu kuka haɗu. Wanda ya ce ki turo kuɗi ya samo miki gurbi ko biza, ɗan damfara ne. Kada ki ba kowa lambar BVN ko kalmar sirrin imel ɗinki.

Mataki na bakwai: idan wata shida ya cika

Ki ɗauko takardar da kika rubuta a mataki na farko, ku duba tare ko an cimma buƙatar. Idan akwai sabuwa kuma tana da lokaci, ku ƙara wata shida. Idan babu, ki yi mata godiya, ki nemi izinin sanya sunanta cikin masu ba da shaida a kanki lokacin neman gurbi ko aiki, ki kuma tambaye ta ko akwai wata a fanninku da za ta haɗa ki da ita.