Yadda za ka lallaɓa ƙodar da aka dasa maka ta daɗe

Wallahi abin da ke ɗaga min hankali shi ne mutum ya sha wahalar wankin ƙoda, Allah ya kawo mai ba shi ƙoda, a yi dashe lafiya, sai bayan shekara biyu uku ya ga ya murmure ya fara wasa da magani. Ɗan'uwa garkuwar jikinka fa ba ta mantawa cewa ƙodar nan baƙuwa ce. Dashen da Dakta Joseph Murray ya yi a Boston a 1954 ya yi nasara ne don tagwaye ne masu kama ɗaya, jiki bai ga baƙo ba. Kai kuwa magani ne muddin ƙodar na jikinka.

To ka riƙe lokaci gam. In tacrolimus ɗinka, wato maganin da ke hana jiki yaƙar ƙodar, na sau biyu ne a rana, awa 12 tsakani, ka sa alam a waya, ƙarfe 8 na safe da 8 na dare misali, kuma kar ka bari sai kwalin ya ƙare ka fara neman wani. Ranar gwajin jini kar ka sha na safe sai an ɗebi jinin tukuna, in ba haka ba sakamakon zai ruɗi likita ya rage maka magani a banza.

Kuma dan Allah ka je kilinik ko kana jin garau. Sau da yawa jiki na yaƙar ƙodar shiru, ba ciwo ba zazzaɓi, creatinine, wato ma'aunin aikin ƙoda a jini, shi ne kawai zai hau a takardar gwaji, in an gano da wuri ana iya ceto ta.

Magungunan rage ciwo ibuprofen da diclofenac ka ƙaurace musu. Duk wanda zai rubuta maka magani ka gaya masa an yi maka dashe, don rifampicin na tarin fuka yana rage ƙarfin tacrolimus, clarithromycin na kashe ƙwayoyin cuta kuma yana ƙara shi, har gudawa ma tana ɗaga shi a jini. Mace mai son ɗaukar ciki ta faɗa wa likita tun kafin, mycophenolate, wani maganin hana jiki yaƙar ƙodar, yana illata jariri.

Kar ka zuba wa ƙoda ido ka manta zuciya, da yawa cikin waɗanda aka yi wa dashe ciwon zuciya ke ɗauke su ƙodar tana aiki lafiya lau. Ka dinga auna hawan jini a gida, a duba suga tunda magungunan kansu kan jawo shi, taba kuwa ka yar. Zazzaɓi, kumburin ƙafa ko raguwar fitsari, ranar ka kira likitanka, kar ka ce sai gobe.