Yadda za ki zaɓi wandon keke mai soso wanda ba zai gurje miki fata ba

Mai tuƙa keke tana juya feda kamar sau 80 a minti ɗaya, wato kusan sau 5,000 a awa, kuma duk juyi sai cinya ta shafi gefen sirdi. In aka haɗa wannan gogayya da gumi da nauyin jiki da ke danne wuri guda, fatar matsematsi ba ta daɗewa take saɓulewa. Aikin wandon keke shi ne ya manne da jiki ya riƙa motsi tare da ke, ta yadda gogayyar za ta faru tsakanin wando da sirdi, fata kuwa ta tsira. Saboda haka girman wandon ya fi kaurin sosonsa muhimmanci, kuma a nan ne yawancin masu saye ke kuskure.

Ki fara da awo. Ki sa tef ɗin tela ki auna ƙugu da wurin da ɗuwawu ya fi faɗi, ki gwada da jadawalin kamfanin da ya ɗinka wandon, don M na wani kamfani S ne a wajen wani. In kin saka, kada ki yanke hukunci a tsaye. Ki sunkuya kamar kin kama kan keke, ki ɗaga gwiwa sau da yawa. Soson ya zauna daram a jiki, babu rata, babu naɗewa. In kina iya tsunkule ƙyallen ya taso cikin sauƙi, ya yi miki yawa, kuma wandon da ya yi yawa ya fi wanda ya ɗan matse illa.

Shi soson, a nemi wanda aka yanka don mata. Galibi ƙasusuwan zama na mace sun fi na namiji tazara, shi ya sa soson mata ya fi faɗi ta baya kuma ya fi gajarta ta gaba. Za ki iya auna tazarar a gida: ki ɗora kwali a kan benci mai tauri, ki zauna ki ɗan ɗaga ƙafafu, sannan ki auna tsakanin tsakiyar lotsawa biyun da ƙasusuwan suka bari. Dole wurin da soson ya fi kauri ya rufe waɗannan wurare biyu. Ki matse shi da yatsu biyu. In ya lotse nan take har yatsun suka haɗu, haka zai yi a ƙarƙashinki kafin tafiya ta yi nisa. Mai kyau yakan ɗan yi tauri, ya koma yadda yake da zarar kin saki, kuma ya riƙa sirancewa zuwa gefe. Soso mai kauri da laushi yana burgewa a kanti, amma a hanya dunƙulewa yake yi a tsakiya, ya danne wurin da ya fi kowane rauni, ya kuma riƙe gumi.

Ki juya wandon ciki waje ki bi ɗinkin da yatsa. Ya zama shimfiɗaɗɗe, kuma kada wani ya ratsa ta cikin cinya inda take shafar sirdi. Ƙyallen ya zama nailan ko foliyesta da aka haɗa da zaren roba irin Lycra; auduga tana shan gumi ta riƙe. Bakin ƙafar ya zama mai faɗi da ɗan danƙo a ciki don kada ya naɗe sama, kuma ya sauka ƙasa da inda cinya ke taɓa sirdi. Akwai mai igiyar kafaɗa, wanda ba ya matse ciki kuma ya fi riƙe soso a wurinsa, sai dai a duba ko bayansa na saukewa, in ba haka ba kewayawa ban ɗaki sai an tuɓe riga.

Ba a sa kamfai a ƙarƙashinsa. Mata da yawa na jin nauyin haka, amma ɗinkin kamfan da robarsa su ne daidai abin da ke yanka fata. Wadda ke son sutura ta nemi siririn wandon keke mai soso da ake sawa daga ciki, ta ɗora dogon wando mai walwala a kai, ta tattare bakin ƙafar dama saboda sarƙa. Na gwanjo kuwa a bar shi: sosonsa ya riga ya mutu, ga kuma batun tsabta.

A doguwar tafiya ko lokacin zafin bazara, ki shafa man hana gogayya kaɗan a inda cinya ta haɗu da jiki, ki guji mai sinadarin mentol don yana yi wa wasu raɗaɗi. Kada ki yi askin matsematsi ana gobe tafiya, ƙuraje yake jawowa. Da kin sauka ki cire wandon ki yi wanka. Shi ma a wanke shi duk sawa ɗaya, da ruwa mai sanyi ko ɗumin da bai wuce digiri 30 ba, ban da sinadarin laushin kaya, a shanya a inuwa soso na waje.

In wandon ya zauna daidai amma gurzuwar ba ta daina ba, ki duba sirdi. Wanda aka ɗaga sama da yawa yana sa ƙugu rangaji hagu da dama, sai ki sauke shi kaɗan kaɗan, kamar milimita 5 a lokaci guda, kuma ki tabbata hancinsa bai ɗago sama ba. Ƙurjin da ya kumbura ya tara ruwa, ko ya zo da zazzaɓi, a ajiye keke a je asibiti, kada a matse shi.