Kurakuran da ke sa farcen akrilik ɗagawa, da yadda nake gyara su

Kusan duk mai koyon da ta zauna kusa da ni, ranar da kwastomarta ta dawo da farcen akrilik ya ɗaga, magana ɗaya take yi: wai garin akrilik ɗin ba shi da kyau, ko kuma an sayar mata da jabun ruwan haɗa shi. Jabun kaya akwai shi, amma a abin da na gani da idona, ɓarnar ta fi faruwa a mintuna goman farko, tun buroshi bai shiga ruwa ba. Akrilik haɗin ruwan monoma ne da garin polima, kuma ba ya kama komai sai busasshen farce mai tsabta. Duk abin da ya shiga tsakaninsu, fata ce ko maiƙo ko ƙura ko danshi, daga nan ɗagawa za ta fara.

Babban kuskuren shi ne barin matacciyar fata a gindin farce. Masu koyo suna tura fatar da ke kewaye da farcen baya, su ga ya yi fili, su ɗauka aiki ya kammala. Alhali akwai wata siririyar fata mai kama da leda wadda take manne a kan farcen kansa, tana fitowa tare da shi yayin da yake tsiro, kuma ido ba ya cika ganinta sai an kankare ta ta tashi fari kamar gari. Idan aka ɗora akrilik a kanta, to a kan fatar aka ɗora shi, ba a kan farce ba, kuma ranar da ta saki, shi ma zai saki. Na shafe watannin farko na aikina ina sake wa mutane farce kyauta saboda wannan abu ɗaya, ina sauya gari, ina sauya ruwa, kwastomomi suna raguwa, ba tare da na gane inda matsalar take ba. Yanzu al'adata ita ce in bi gindin farcen da gefunansa biyu da ƙarfen turawa a kwance, a hankali, sannan in juya yatsan ƙarƙashin fitila in duba shi ta gefe. Muddin na hango wani wuri yana ƙyalli, ban gama ba.

Sai dai kada jin haka ya sa ku afka wa farcen da guga. Abin da ake buƙata shi ne kawar da ƙyallin saman kawai, da fayil, wato magogin farce, mai lamba 180, da hannu marar nauyi. Wadda ta goge har farcen ya yi ja ta sirance shi ne, kuma siririn farce lanƙwasa yake yi ƙarƙashin akrilik mai tauri har su rabu, ga zafi da kwastoma za ta kwana da shi.

Akwai ƙananan abubuwa da bai kamata a maimaita wa kowa sau biyu ba. Kada a jiƙa hannu cikin ruwa kafin aiki, domin farce yana shan ruwa ya kumbura, ya koma girmansa bayan ya bushe. Man gindin farce sai an gama komai ake shafa shi. A share ƙura tas kafin a sa sinadarin busarwa. Firaima kuwa, wato sinadarin da ke taimaka wa akrilik kama farce, ɗan kaɗan ake sawa, musamman mai asid, wanda yake ƙona fata idan ya malala. Kuma bayan an shirya farce, kada yatsanku ya sake taɓa shi, kada kwastoma ta sosa kai ko ta ɗauki waya. In ta yi, a sake goge shi da sinadarin busarwa.

Kuskure na biyu da yake ɓata mini rai shi ne ɗibar akrilik mai ruwa-ruwa. Na san dalili: mai ruwa ya fi sauƙin shimfiɗawa kuma yana ba mai koyo lokaci. To amma shi ne yake gangarawa ya taɓa fata, kuma akrilik da ya hau fata ya riga ya ɗaga, ko da kwastoma ta fita tana yaba shi. Ban da haka, yawan haɗuwar monoma da fata yana iya haifar da ƙaiƙayi da kumburin da ba ya barin mutum, ga kwastoma da ku masu aikin baki ɗaya. Wanda ya bushe da yawa kuma ba ya kwanciya, sai ya bar kumfar iska a ƙasa. Ku kalli ɗigon da ke bakin buroshi: idan yana zuba, ruwa ya yi yawa, idan gari yana zaune a kansa bai narke ba, ruwa ya yi kaɗan, wanda ya dace yana yin sumul cikin 'yan daƙiƙoƙi kuma ya riƙe siffarsa. Ni nakan karkata yatsan ƙasa domin ɗigon ya nufi bakin farce, in bar tazara kamar faɗin silin gashi tsakaninsa da fata, in kuma sirance shi sosai a gindi.

Wata rana wata kwastoma ta zo cikin gaggawa da farce ɗaya da ya ɗaga a gefe, na ɗiga masa gam na danne. Bayan mako biyu ta dawo, da na cire akrilik ɗin sai ga koren tabo a tsakiyar farcenta. Danshin da na rufe a ciki ne ya zama gidan ƙwayar cutar da ake kira Pseudomonas. Ba ta yi mini faɗa ba, amma ba ta sake dawowa ba, kuma tabon sai da farcen ya tsiro ya fitar da shi, ga shi farcen hannu kusan milimita 3 kacal yake ƙaruwa a wata. Don Allah ku daina manne abin da ya ɗaga, ku daina kuma ɓamɓare shi da almakashin farce, domin yana jawo na kusa da shi ya saki. A goge wurin da fayil har sai an kai inda akrilik ya kama da kyau, in ɗagawar ta yi yawa a jiƙa a asiton, ruwan da ke narkar da akrilik, a cire gaba ɗaya.

Game da kaya, ku karanta jikin kwalba: ruwan monoma da ya dace shi ne mai sinadarin EMA (ethyl methacrylate). Mai sinadarin MMA (methyl methacrylate) ba ya kama farce sai an kankare shi da mugun guga, kuma tun shekarun 1970 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ɗauki mataki kan kayan farcen da aka yi da zallarsa. Ba na haɗa ruwan wani kamfani da garin wani, ba na mayar da ragowar ruwa cikin kwalba, kuma da monoma nake wanke buroshi, domin asiton yana busar da gashinsa. Idan ɗaki ya yi zafi akrilik yana saurin daskarewa, don haka nakan rage girman ɗigo. Wadda hannunta ba ya rabuwa da ruwa ko aikin ƙarfi, nakan rage mata tsawo ko da ta so dogo, in kuma sa mata ranar cike gindi, wato ƙara akrilik inda farce ya tsiro, tsakanin mako 2 zuwa 3 tun kafin ta tashi daga kujera.